Man Alhamis

Ranar Alhamis, da an idar da sallar la'asar, sai a fara jin ƙarar kwalabe daga ƙofar ɗakin Hajiya mai ƙosai. Duk wanda ya taɓa zama a gidanmu na unguwar Nima ya san wannan ƙarar. Gidan haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, kowace mace da murhunta a bakin ƙofarta. Hajiya ce ta fi kowa daɗewa a cikinmu. Tun kafin a kawo ni gidan take suya a bakin titi, kusa da inda motocin haya na torotoro ke tsayawa: ƙosai da koko da safe, doya da kifi da rana. Mai ɗaya ne a kaskon. In ya ja baya ta ƙara sabo a kai, a ci gaba da suya. Kafin mako ya zagayo ya koma kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Ran Alhamis sai ta sauke kaskon, ta tace man da wani ƙyalle da ya daɗe da daina zama fari, ta ɗura a kwalabe, ta bi ɗaki ɗaki tana ajiyewa a bakin ƙofa.

Sadaka ce. Ran Alhamis mijinta ya rasu, kuma ba wanda ya rage mai yi masa sai ita. Wadda ta tarar da kwalba a ƙofarta sai ta ɗaga murya ta ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Hajiya ta amsa da amin daga inda take, ko waiwayowa ba ta yi. Ran Laraba kowace ta wanke kwalbarta ta mayar. Haka na tarar ana yi, haka na bi. Da miyar wannan man 'ya'yana suka girma, har suka yi aure suka bar mu mu biyu, ni da mahaifinsu. Kuma tsakani da Allah yana da daɗi. Ƙamshin kifi da albasa da barkono na mako guda duk yana ciki. Ɗan kaɗan za ki zuba a miya, mai ci ya rantse kin sa nama.

Hajiya har yau amarya take kirana, ko da yake furfura ta cika mini gaban kai.

Maigidana tela ne. Yana da ɗan shago a lungun bayan masallacin unguwa, da keken ɗinki irin wanda ake takawa da ƙafa. Ya sa masa injin lantarki daga baya, amma da irin ɗaukewar wutar da muke fama da ita, ƙafar ce dai abin dogaro. Ya daɗe da ciwon suga. Yana shan magani in ya tuna, in ya manta ya ce ai yau jikinsa garau yake.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci da takalmi ɗaya. Ɗayan ya saɓule tun a hanya, ya tako kwalta mai zafi da tsakuwa da ƙafa tsirara, bai sani ba sai da na nuna masa.

Na ce, "Malam, huɗubar ce ta ratsa ka haka?"

Ya ce, "Ke dai bari. Liman ya yi maganar mata masu yawan surutu, sai hankalina ya taho gida."

Muka yi dariya. Bayan 'yan makonni na ga jini a kan tabarmar salla. Allura ce ta shige masa tafin ƙafa a shago, ya yini yana yawo da ita. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ina cire masa ita da hannuna yana kallo kamar ƙafar wani ce, sannan ya faɗa mini abin da ya jima yana ɓoyewa. Ba ya jin fedar keken. Da ido yake taka ta yanzu. In ya kalli ƙafa ɗinki ya karkace, in ya kalli ɗinki keken ya gudu masa. Har ya ɓata wuyan rigar wani ango, ya sake saye ya ɗinka bai gaya wa kowa ba.

A asibiti likita ya kwantar da shi, ya ce ya rufe ido, ya ɗauko wani ɗan siririn tsinke na roba yana taɓa masa ƙafa. Yatsu, shiru. Tafin ƙafa, shiru. Diddige, shiru. Ina tsaye riƙe da takalmansa ina ganin tsinken yana lanƙwasawa a jikin fatarsa, shi kuwa yana jira a fara. Sai da aka wuce idon sawu kaɗan ya ce, "Yawwa, na ji." Likita ya ce sugan ne ya ci jijiyoyin, kuma abin hawa yake yi daga ƙasa zuwa sama in ba a tare shi ba. Ya canza masa magani, ya tura mu ɗakin wata sista mai kula da abincin marasa lafiya.

A Kotobabi ta tashi, unguwar da ke kusa da tamu, saboda haka da Hausa ta yi mana, irin tamu ta Zango mai haɗe da Turanci. Ta ciro wayar cajin wayarta daga jaka, robar ta ɗaɗɗaye a wuya har ana ganin ƙarfen ciki.

Ta ce, "Mma, kin ga wannan? Jijiyar da ke kai saƙo daga yatsan ƙafa zuwa kai ita ma tana da rigarta. Wani tantani ne siriri, kuma yawancinsa kitse ne. Ke mai girki ce. Me ke samun mai in ya daɗe a buɗe, ko ya sha wuta da yawa?"

Na ce, "Juyawa yake yi."

"To haka nan. In suga ya yi yawa a jini, jiki na fitar da wasu ƙananan abubuwa masu ci kamar tsatsa. Su kama kitsen tantanin nan su dinga lalata shi kaɗan kaɗan, har saƙo ya daina wucewa. Jiki yana da masu gadinsa, wasu kuma daga abinci ake samun su. Ganye, gyaɗa, fiya, karas, lemo, manjan da ba a ƙona ba. Antioksidan ake ce musu. Su ke shiga tsakani, tsatsar ta cinye su maimakon ta ci jijiya."

Sai na tuna malamarmu ta kimiyya a sakandare, ranar da ta raba fiya biyu, ta matsa lemon tsami a ɓari ɗaya ta bar ɗayan haka. Kafin a tashi ɓari ɗaya ya yi baƙi, ɗayan yana nan kore. Shekaru da yawa abin yana kwance a kaina ba shi da aikin yi.

Sista ta ce, "Amma kar ki ji ni ba daidai ba. Ganye ba zai maye gurbin magani ba, saukar da sugan shi ne gaba da komai. Kuma abin da ya riga ya mutu ban yi miki alkawarin zai dawo ba. Abin da ya rage muke gadi." Sannan ta tambaye ni da wane mai nake girki.

Na ba ta labarin kwalbar Alhamis, har da ɗan alfahari, don ina ganin abin kirki nake faɗa game da gidanmu. Ta ajiye bironta.

"Ei, Mma. Man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi, masu gadin da ke cikinsa duk sun ƙone. Abin da ya rage, tsatsar ce da kanta. Mai lafiya ma ban so masa, balle Baba."

A torotoro muna dawowa, sai da muka kusa sauka Malam ya buɗe baki. Ya ce, "In ya kai gwiwa, ko tsayuwar salla sai a zaune ke nan." Ni keken nake tunani, shi kuma sahun masallaci.

Ni mutum ce mai son ganin abu da idona. Washegari bayan la'asar na zaro tsinke daga tsintsiyar laushi, na zaunar da shi, na ce ya ja hularsa ta rufe masa ido. Na bi ƙafar daga yatsu ina hawa har inda ya ce ya ji, na sa alama da allin ɗinkinsa. Alwalar magariba ta wanke. Na sa biro, shi ma bai kwana biyu ba. Sai na kwaɓa lalle, na ɗiga masa ɗigo ɗaya a kowace ƙafa, sama da idon sawu kaɗan.

Ya ce, "Yau kuma ni ne amaryar?"

Na ce, "Zauna dai ya kama."

Ya dawo daga masallaci yana mita, wai abokinsa mai gyaran agogo ya hango ɗigon wajen alwala, ya tara mutane yana tambaya yaushe ne ɗaurin aure, don ya ɗinka sabuwar riga. Amma bai goge ba. Shi ma yana so ya san ko abin yana hawa. Daga nan ya zama mana al'ada: duk bayan 'yan kwanaki, bayan la'asar, hula a ido, tsinke a hannuna. In lallen ya fara dusashewa in sabunta shi daidai inda yake.

Girkin ne ya gajiyar da ni. Da can in na tashi da safe na san abin da zan ɗora. Yanzu sai na tsaya ina tunani kamar mai jarrabawa. Laraba ranar kasuwarmu ce, in kutsa cikin turereniya, 'yan dako suna ihu a ba su hanya, in zaɓo alayyafo da zogale da ayoyo, wato lalo, da ganyen gwaza da mutanen nan ke kira kontomire. Ganye ba ya jira. In ban gyara shi a ranar ba, zafin ɗaki ya kwantar da shi. In zauna in tsinke zogale ɗaya bayan ɗaya har bayana ya ƙage, in wanke da ruwan da sai na bi layi a famfo, in dafa shi sama sama kada ya mutu a tukunya. Manja kuma, mu a Zango mun saba ɗora shi a wuta har jan ya gudu ya yi hayaƙi, don kada miya ta yi ɗanyen wari. Sista ta ce jan nan shi ne amfanin. Sai na koma zuba shi a ƙarshe, ja wur.

Malam ya kalli kwanon ya ce, "Yaushe muka koma cin miyar mutanen Kumasi ban sani ba?"

"Ci dai."

"Akuya ma ana canza mata ciyawa."

Yana ci, amma kamar mai biyan tara. Tuwon ma na rage masa, na hana shi sukari a koko. Wani lokaci in na gama duk wannan, in zauna a bakin ƙofa da hannuwa masu warin ganye, sai in ji ko abincin ba na so in gani. In sha ruwa in yi salla, shi ke nan.

Sai kuma kwalbar. Alhamis ta farko bayan asibiti na fito na tarar da ita a bakin ƙofa, da ɗuminta. Na ɗaga murya na ce Allah ya jiƙan Alhaji. Hajiya ta ce amin. Na shiga da ita ɗaki na tsaya riƙe da ita, ban san inda zan kai ta ba.

Mayarwa ba ta yiwuwa. A gidanmu ba a taɓa mayar da sadakar mamaci ba, ban ma san da wane baki ake faɗa ba. Zubarwa a kwata ba ta yiwuwa, kwatar ta gaban kowane ɗaki take bi, mai kuma ba ya nutsewa, yana tafe yana ƙyalli yana nuna ɗakin da ya fito. Ban da haka abinci ne, hannuna ba zai iya ba. In ba wa wata kuma? Abin da na hana mijina in kai wa mijin wata? Na gwada yi wa maƙwabciyata ta ɗakin kusa bayani a hankali, muna wanki. Ta yi dariya har da tafa hannu.

"Mu da ba mu yi sakandare ba ai da tuni mun mutu. Uwata da shi ta tsufa, haƙoranta cif."

Malam kansa ba ya goyon bayana. Ya ce, "Sadaka ce fa. Matar nan da alwala take tacewa. Abin da aka yi don Allah ba zai cuci mutum ba." Na ce Allah ɗin ne ya ba sista ilimin. Ya ce to, ni dai na san yadda zan yi da Hajiya.

Abin da na yi shi ne, na samo wata jarka na tura ƙarƙashin gado. Duk Alhamis in karɓi kwalba in yi addu'a, in juye man a jarka, ran Laraba in wanke kwalba in mayar. Na ce wa kaina zuwa gaba zan san yadda zan yi da shi. Gaban ba ta zo ba, sai zafi ya zo, irin wanda kwanon rufi ke ƙara da rana tsaka. Jarkar ta kusa cika. Ɗakin ya fara wani irin wari mai kama maƙogwaro, wanda turaren wuta ba ya rufewa. Mu da ke kwana ciki mun saba. Ni har nakan ce a raina, ga abin da sista ta faɗa yana faruwa a ƙarƙashin gadona.

Wata rana da hantsi Malam bai fita ba, zazzaɓi ya ɗan taɓa shi. Hajiya ta bar kaskonta ta shigo gaishe shi. Ta zauna a bakin gado tana cewa sannu ɗana, sai na ga hancinta ya motsa. Matar da ta yi rayuwarta a kan mai.

"Amarya, mai ya lalace a ɗakin nan."

Ta sunkuya da kanta, ta ɗaga zanin gado, ta jawo jarkar. Ta buɗe ta sansana. Ta daɗe tana kallon cikinta.

"Nawa ne wannan."

"Naki ne, Hajiya."

"Duk Alhamis kina ce mini Allah ya jiƙan Alhaji."

"Da zuciya ɗaya nake faɗa, Allah ya sani."

Na fara yi mata bayanin tantani da tsatsa da ƙafar Malam. Kalmomin da suka fito tsaf daga bakin sista, a bakina sai suka zama kamar zagi. Ta ɗaga mini hannu.

"Ni ban san tsatsa ba. Abin da na sani, sadaka sai ta shiga cikin mutum ladan ke tafiya. Bawan Allah yana can kwance yana jira, ke kin kulle masa ladansa a jarka kina kwana a kai. Da kin ce mini ba kya so, da na ba wa mai so." Ta juya wajen Malam. "Kai ma da kai, tela? Na ɗauke ka ɗa."

Malam ya rufe ido kamar zazzaɓin ya ƙaru. Ta fita, ta bar jarkar a tsakar ɗaki a buɗe.

Alhamis ta gaba na ji ƙarar kwalabe, na ji takunta yana zuwa, ya wuce ƙofata bai tsaya ba. Ɗaki ɗaki ana ɗaga murya ana addu'a, nawa shiru. Ban san ko ya halatta in yi addu'ar da ƙarfi ba tunda ba a ba ni ba, sai na yi a zuci. In na gaishe ta da safe ta amsa da lafiya, a taƙaice, ba amarya. A famfo in na iso hira ta canza. Wata ta ce, tana kallon sama, "A ba likita hanya ta ɗiba." Ban taɓa sanin tsakar gida tana da faɗi haka ba sai da na dinga ratsa ta ba mai yi mini magana.

Cikin waɗannan kwanaki ne na lura Malam yana saurin cewa na ji. Tun tsinken bai gama sauka ba ya amsa. Wata la'asar sai na riƙe tsinken a iska, ban taɓa shi ba, na ce, "Nan fa?"

Ya ce, "Na ji."

Na bar tsinken a inda yake. Ya ɗaga hular ya ga tsinken a sama, ya ga fuskata, ya mayar da hular ya rufe idonsa da kansa.

Ya ce, "Na ga kina wahala ne."

Muka sake daga farko, da gaskiya. Ƙafar hagu tana nan a kan ɗigonta. Ta dama ta hau, kamar faɗin yatsa biyu. Na kwaɓa lalle na ɗiga sabo a saman tsohon. Ɗigon ya fito a karkace. Duk zogalen nan, duk layin famfon nan, ga gida ya juya mini baya, abin kuma bai fasa hawa ba. Da muka koma asibiti sista ta ce haka yake yi wani lokaci kafin ya tsaya, in zai tsaya, ta ce mu ci gaba. Na ce to. Ban da wata kalmar da ta wuce to.

Damina ta shigo. Wata rana ruwa ya tsuge tun azahar, kwata ta cika ta tumbatsa, ba suya ba fita, wuta kuma an ɗauke. Ɗakinmu ya yi duhu, sai muka fito baranda da kujera da tsinke. Kowa yana bakin ƙofarsa yana kallon ruwa. Hajiya tana zaune a tata barandar, ƙafafu a miƙe, tana kallonmu ta gefen ido. Malam na cewa na ji, ban ji ba, na ji. Can sai ta yi magana, ba da ni ba, da ruwan sama.

"Wannan kuma wane sabon bori ne?"

Malam ya ce daga ƙarƙashin hula, "Hajiya, awon ƙafa ne. Tela ake aunawa yau."

Ta taso tana bin jikin bango don kada ta jiƙe, ta tsaya a kanmu. Ta kalli ɗigon lallen biyu a ƙafar dama, ta tambaya, Malam ya gaya mata ma'anarsu. Ta yi tsaki.

"Tsinken tsintsiya ne mutum ba zai ji ba? Tashi, tela. Ni da na ci man nan tun kafin a haifi matarka, bari in nuna muku ƙafa."

Ta zauna a kujerar, ta miƙo mini ƙafa, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ƙafar tsohuwa ce da ta sha tsayuwa, diddige duk faso, ga tabon ɗigar mai a bayanta. Na taɓa babban yatsa. Na taɓa na kusa da shi. Na bi yatsun duka, na danna har tsinken ya lanƙwasa. Na koma tafin ƙafa.

Ta ce daga cikin mayafi, "To fara mana. Ruwa na feso ni."

Na ƙara danna tsinken. Matan da ke bakin ƙofofinsu sun zuba mana ido, ruwa na dukan kwano. Malam ne ya ce a hankali, "Hajiya, ta jima da farawa."

Ta yaye mayafin, ta ga tsinken a danne a tafin ƙafarta. Ta kalle shi kamar yadda ta kalli cikin jarkar nan. Sannan ta janye ƙafar ta shigar ƙarƙashin zani.

"Kaushi ne. Wanda ya yi shekaru a gaban wuta dole fatarsa ta yi kauri."

Na ce, "Haka ne, Hajiya, zai iya zama kaushi. Amma mu je tare a duba miki suga."

"Wa zai tsare mini kasko?" Ta tashi ta koma ɗakinta, tana taka ƙasa a hankali, tana kallon ƙafafunta.

Ban ce man ne ya yi mata ba, don ban sani ba. Tsufa ne, ko suga ne da ba a taɓa aunawa ba, ko duka, Allah ne masani. Ban ji daɗin komai ba a ranar. Na so a ce ta ji tsinken ta yi mini dariya.

Alhamis da ta biyo baya ina ciki ina tsinke alayyafo na ji takun ya tsaya a ƙofata. Na fito. Kwalbar ce, amma rabi, man ciki kuwa fari tas, ana hango bango ta cikinsa. Daga sabuwar jarkarta ta ɗiba, wadda take buɗewa ran Juma'a.

Ta ce, "Wannan bai ga wuta ba. In na sake samun shi a ƙarƙashin gado, ni da ke ne, amarya."

Na ɗaga murya na ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya kai haske kabarinsa. Ta ce amin tana tafiya.

Sauran ɗakunan har yau baƙin suke karɓa. Shi suke so, ita ma ba ta da halin raba sabo ga gida guda. Tsohuwar jarkar kuwa na kai wa wata mai dafa sabulu a unguwar Maamobi, ta mayar mini da shi sabulai, na kai wa Hajiya ta raba da hannunta. Ta juya ɗaya ta sansana ta ce Alhaji dama mutum ne mai son tsabta. Asibiti dai ba ta je ba. Duk Laraba in na mayar da kwalba sai na tuna mata, ta ce sai bayan salla, in sallar ta wuce ta ce sai bayan wata. Na lura dai ta daina zuwa bakin titi ba takalmi.

Malam yana ɗinki in akwai wuta. In an ɗauke, ya zauna yana aikin hannu a wuyan riga, fedar tana hutawa. Yana tsayuwa a sahu har yanzu. Tsohon ɗigon ƙafar dama na bar shi ya dusashe, sabon nake sabuntawa. Tun daminar nan bai ƙara hawa ba, na hagu ma yana inda yake. Ko magani ne, ko ganyen, ko addu'a, ban iya rabewa ba, sista ma ba ta ce ta iya ba. Ban sani ba kuma ko tsayawa ya yi ko hutawa yake.

Jiya bayan la'asar ya ja hula ya miƙo ƙafa. Na riƙe tsinken a iska na ce, "Nan fa?"

Ya ce, "Ki ji tsoron Allah, ba ki taɓa ni ba."

Na sauke tsinken a kan ɗigon. Ya ce ya ji. Na koma ɗaya ƙafar, ya ce ya ji. Na soke tsinken a jikin labule inda nake ajiye shi, na dafa gwiwa na miƙe. Zogale yana jirana a faranti, ga layin famfo ya fara tsawo.